Yadda Za Ka Ci Moriyar Abincin Biki Ba Tare da Ka Cutu Ba

Ranar biki tana cikin ranakun da mutum ya fi samun abinci mai gina jiki a duk shekara. Nama ya wadata, ga kaji ga kifi, an zuba kayan ƙamshi ba ƙyashi, ga kayan marmari da ba kullum ake saye ba. Gidan da aka yi wata da watanni ana maimaita abu ɗaya, ranar sai ka tarar da kala biyar ko shida a jere. Shi ya sa ban yarda da masu ɗaukar abincin biki a matsayin abokin gaba ba. Abin lura shi ne, kusan duk alherin da ke cikinsa jiki yana kwashewa ne daga farantin farko. Na biyu da na uku ba su ƙara komai sai nauyin jiki, kumburin ciki da hauhawar suga a jini. Aikin da ke gabanka ke nan: ka sa farantin farko ya cika sharuɗɗa, sannan ka toshe sauran kafofin da ɓarna take shigowa, wato abin sha, tsawon kwanaki da abincin da ya kwana.

Da farko, san abin da aka ajiye maka

Nama shi ne sarkin taro, kuma ya cancanta. Giram 100 na dafaffiyar tsoka marar kitse yana ɗauke da furotin kimanin giram 25 zuwa 30, wanda jiki ke gina tsoka da gyara abin da ya lalace da shi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin nama ya fi na ganye da wake saurin shiga jini, don haka mata masu al'ada, masu juna biyu da yara masu tasowa su ne suka fi bukatarsa, ko da yake sau da yawa su ake bari da ƙashi da romo. Akwai kuma bitamin B12, wanda jijiyoyi da jajayen ƙwayoyin jini ba sa lafiya sai da shi, kuma daga dabba ake samunsa: nama, kifi, ƙwai da madara. Hanta ta fi kowane sashe tara waɗannan abubuwa, sai dai bitamin A da ke cikinta ya yi yawa ƙwarai, jiki kuma ajiye shi yake yi ba ya zubarwa. Yanka ɗaya ko biyu ya wadatar, mai juna biyu kuwa gara ta bar ta gaba ɗaya, domin yawan bitamin A na iya cutar da ɗan tayi.

Iyakar fa? Gidauniyar Binciken Cutar Kansa ta Duniya ta ba da shawarar kada jan nama, wato na sa, rago, akuya da makamantansu, ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako bayan an dafa. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa kansar babban hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Wannan magana ce ta abin da mutum ya saba ci shekara da shekaru, ba ta yini ɗaya ba. Amma ka lura, a zama biyu kacal na ranar biki mutum na iya cinye kason mako guda.

Kifi mai maiƙo, kamar sadin, yana da kitsen omega-3 mai amfani ga zuciya. Gyaɗa, yazawa da sauran danginsu suna da mai mai kyau, bitamin E da maganiziyam, sai dai cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, ya kusa kalori 170 zuwa 180 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma hannu ba ya gajiya da komawa kwano idan hira ta yi daɗi. Dabino da zabibi suna da faiba, wato harzar da ke sauƙaƙa bayan gida, da potasiyam, amma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsu suga ne. Tumatirin da aka dafa da ɗan mai ya fi ɗanye sakin laikofin, sinadarin da ke ba shi jan launi, haka karas ma sai da ɗan maiƙo jiki ke cin moriyarsa sosai, domin bitamin A, D, E da K a cikin mai suke narkewa. To ka ga mai ba laifi ba ne, yawansa ne laifi.

Kayan ƙamshi kuwa, an cika yi musu kirarin da ya wuce su. Citta tana rage tashin zuciya, wannan an tabbatar. Amma kirfa, kanumfari da tafarnuwa a ɗan adadin da ake barbaɗawa a tukunya ba za su warkar da hawan jini ko ciwon suga ba. Babban amfaninsu a wurina shi ne suna ba abinci ɗanɗanon da zai sa ka rage gishiri ba tare da kowa ya gane ba. Su kek, alewa da sauran kayan zaƙi, gaskiya ba su da wani abin kirki ga jiki ban da daɗi. Daɗin ma ba abin rainawa ba ne, don shi aka yi su.

Mataki na ɗaya: ka yanke kwanakin bikin tun kafin ya zo

A shekarar 2000 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan manya 195. An gano cewa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, lokacin bukukuwansu, matsakaicin nauyin da suka ƙara bai kai rabin kilo ba, giram 370 ne. Kaɗan ne. Matsalar ita ce wannan ɗan nauyi bai sauka ba har shekara ta zagayo, kuma masu ƙiba tun asali sun fi ƙarawa. Haka ake tara kusan kilo huɗu a shekara goma ba tare da mutum ya san lokacin da abin ya faru ba.

Yini ɗaya na ci da ƙoshi ba ya yi wa mai lafiya komai. Abin da ke ɓata lissafi shi ne biki na kwana ɗaya ya koma na mako biyu saboda firji cike yake. Don haka ka tsayar a ranka: rana kaza da rana kaza ne na shagali, sauran kuma abincin yau da kullum ne, da ɗan abin da ya rage a gefe.

Ranar bikin kanta, kada ka ƙi karyawa da sunan kana tanadin wuri. Wanda ya isa gaban abinci da matsananciyar yunwa ba ya zaɓe, abin da ya fi maiƙo da zaƙi shi hannunsa ke fara kaiwa. Ka karya da abu mai riƙe ciki: ƙwai, madara marar suga, wake, ko 'ya'yan itace da ɗan gyaɗa.

Mataki na biyu: gyara daga kicin

Idan kai ko ke ce mai girkin, rabin aikin yana hannunku. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Wanda yake tuttula mai daga galan kai tsaye bai san ko cokali nawa ya zuba ba, don haka a auna. A datse kitsen da ido ke gani kafin a ɗora nama. Idan an tafasa, a bar romon ya huce, kitsen zai taso sama ya daskare, sai a kwashe da cokali. Ba lallai a soya komai ba. A soya kala ɗaya da aka fi so, sauran a gasa ko a dafa. Man da aka soya abu a ciki har ya yi duhu, yana kumfa ko hayaƙi da wuri, ya gama aiki, a zubar.

Gashi yana da nasa ƙa'idar. Idan kitse ya ɗiga a kan garwashi, hayaƙin da ke tasowa yana manna wa naman wasu sinadarai da ake dangantawa da kansa, haka ma wurin da ya ƙone ya yi baƙi. A jira harshen wuta ya mutu sai jan garwashi, a ɗaga naman daga wutar kaɗan, a riƙa juyawa akai-akai, a kankare inda ya ƙone. Jiƙa nama cikin ruwan lemon tsami, tafarnuwa da citta kafin gashi yana rage waɗannan sinadarai, ga laushi ga ƙamshi.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Wanda ya jefa guda huɗu a tukunya, ya ƙara gishiri, ya kawo naman gwangwani, yana iya ƙetare iyaka kafin a kai ga yajin da za a barbaɗa. A zaɓi ɗaya: ko dunƙule ko gishiri, a cike gurbin da albasa, tafarnuwa da lemon tsami.

Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama kada su taɓa salak sai an wanke su da sabulu. Masana tsaftar abinci suna hana wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo, domin tartsatsin ruwan yana watsa ƙwayoyin cuta zuwa kwanuka da kayan lambun da ke kusa. Na san da wuya a raba mutane da wanke kaza. In dai sai an wanke, a yi a cikin roba, nesa da abin da za a ci ɗanye, a wanke wurin da hannu bayan an gama. Dahuwa ce ke kashe ƙwayoyin, ba wanki ba: tsakiyar nama ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kaza kuma idan an tsaga kusa da ƙashi kada a ga ja.

Mataki na uku: zuba faranti

Kafin ka ɗauki cokali, ka bi abincin da ido daga farko har ƙarshe. Zaɓi kala uku ko huɗu da ranka yake so da gaske, musamman waɗanda sai shekara-shekara ake gani. Farar shinkafa da burodi suna nan gobe, suna nan jibi.

Akwai dalilin yin haka. A 1981 wata mai bincike kan cin abinci, Barbara Rolls, da abokan aikinta a Jami'ar Oxford sun nuna cewa ƙoshi yana bin ɗanɗano ne: idan ka ci abu ɗaya har ya gundure ka, da an kawo wani mai ɗanɗano daban sai sha'awar ta dawo sabuwa. Shi ya sa mutum zai rantse ba sauran wuri a cikinsa, ana fito da kek ya gyara zama. Yawan kala yana sa a ci fiye da ƙima, ko da yunwa ko babu.

Rabon farantin mai sauƙi ne. Rabi kayan lambu da ganye, kwata nama ko kifi, kwata shinkafa, taliya, dankali ko wani mai sitaci. Ba sai da sikeli ba, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: nama daidai faɗi da kaurin tafin hannunka ban da yatsu, sitaci daidai dunƙulen hannunka, miya mai maiƙo ko mayonis daidai babban yatsa. Hattara da salak ɗin da aka yi wa wanka da mayonis, sunansa salak amma yana iya fin soyayyen nama kalori. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma ranar biki ce ranar da aka fi mantawa da su, daga nan sai bayan gida ya gagara kwana biyu.

Ka zauna ka ci daga farantinka. Tsakure a tsaye, nan tsoka ɗaya can soyayye biyu, shi ne cin da ƙwaƙwalwa ba ta lissafawa.

Mataki na huɗu: yadda za ka ci

Fara da ganye da nama, sitaci ya zo daga baya. Wani ƙaramin bincike da aka yi a kwalejin likitanci ta Weill Cornell a New York a 2015 ya nuna cewa masu ciwon suga da suka ci abinci a wannan jeri, sugan jininsu bai hau kamar lokacin da suka fara da sitaci ba, alhali abincin iri ɗaya ne. Faiba da furotin suna rage saurin da abinci ke barin ciki zuwa hanji. Kayan zaƙi ma a ci su a ƙarshen abinci, ba a kan cikin da ba komai ba.

Saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take. Sai ciki ya buɗe, hanji ya saki wasu sinadarai cikin jini, abin da kan ɗauki kimanin minti 20. Mai handama yana iya share faranti biyu kafin saƙon ya iso. Ka tauna sosai, ka ajiye cokali tsakanin loma da loma, ka shiga hira, ka yi santinka. Idan ka gama, ka jira minti 15 kafin ka yanke shawarar ƙari. Mafi yawan lokaci za ka ji sha'awar ta tafi. In ba ta tafi ba, ƙara abu ɗaya da ya fi yi maka daɗi, ba faranti sabo ba.

Ma'aunin da hadisin nan na Tirmizi ya bayar har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙin riƙewa ba: kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi. Alamar a aikace ita ce ka iya miƙewa ka yi tafiya ba tare da ka sassauta wando ba.

Wuyar abin tana wurin mai masauki da ke ganin ƙin ƙari kamar raini ne. Ba sai ka yi masa laccar kalori ba. Ka yaba girkin da gaske, ka faɗi abin da ya fi burge ka, ka ce ka ƙoshi, in ya matsa ka roƙi a ƙulle maka ka tafi da shi. Idan gidaje da yawa za ka shiga a yini ɗaya, wuri ɗaya za ka ci cikakken abinci, sauran ɗanɗane ne.

Abin sha, inda aka fi yin asara

Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, wato ƙananan cokula 8 zuwa 9. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kimanin giram 50 ga babba, in so samu ne ma giram 25. Gwangwani biyu sun wuce da lissafin. Abin takaicin kuma, sugan da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, za ka sha ka kuma ci abincinka cif. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse da zuma duk suna cikin wannan lissafi. Lemon zaƙi guda da ka ɓare ka ci da jikinsa ya fi kofin da aka matse guda uku a ciki.

Ka zaɓi kofi ɗaya na abin da kake so ka sha da abinci, sauran yinin ruwa. Shayi kuma a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini, lemon tsami da tumatir kuwa suna ƙarawa. Ga masu shan barasa, giram ɗaya na sinadarin da ke sa maye a cikinta kalori 7 ne, barasar tana kwance wa mutum linzamin ci, kuma tun 1978 likitoci suka bayyana yadda shan ta da yawa a lokacin hutu ke rikita bugun zuciya har ga wanda ba shi da ciwon zuciya.

Bayan an tashi

Kada ka kwanta. Tafiyar minti 10 zuwa 15 a hankali tana sa tsokoki su janye suga daga jini. Ka bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci mai nauyi da barci, in ba haka ba ruwan ciki mai tsami zai taso maƙogwaro, ƙwannafi ke nan. Mai fama da shi ya kwanta a gefen hagu, ya ɗaga kai da ƙirji kaɗan.

In ka hau sikeli washegari ka ga kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru, kada hankalinka ya tashi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana bukatar rarar kalori kusan 7,700. Yawancin abin da ka gani ruwa ne da gishiri da sitaci suka riƙe, da abincin da bai gama wucewa ba. Maganin wankin ciki ko horar da kai da yunwa ba su da wani amfani a nan. Koma wa abincinka na kullum, ka yawaita ruwa da ganye.

Abincin da ya rage

Nan ne ake kwantar da gida guda a asibiti. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, don haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Babbar tukunya ba ta hucewa da wuri ko a cikin firji, tsakiyarta na nan da ɗumi har tsawon dare. A rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi.

Shinkafa ta fi kowa yaudara. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa. Idan shinkafar ta daɗe a waje sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan guba. A sanyaya ta da wuri, a cinye cikin kwana ɗaya. Nama da miya suna kai kwana 3 zuwa 4 a firji, abin da ya wuce haka a daskarar. A ɗumama iya abin da za a ci, sau ɗaya, har sai tururi ya fito daga tsakiya. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Sansana abinci ba gwaji ba ne, mai cutarwa yana iya zama da ƙamshinsa. Wanda ba shi da wurin ajiya, ya rabar tun abincin yana da zafi.

Masu lalura da yara

Mai ciwon suga kada ya tsallake abinci bayan ya yi allurar insulin ko ya sha maganin da ke saukar da suga, yana jiran babban zama, sugan na iya faɗuwa ya sume. Ya ci a kan lokaci, ya yawaita gwaji a kwanakin. Mai hawan jini ko raunin zuciya, gishiri ne abin tsoronsa, kuma hidimar biki ba hujjar manta magani ba ce. Mai ciwon ƙoda ya bi abin da likitansa ya gindaya kan nama da masu potasiyam irin su dabino da ayaba. Mai ciwon gawut, wanda babban yatsan ƙafa kan kumbura ya yi zafi, ya nisanci hanta, ƙoda da lemo mai suga, domin suna ƙara yurik asid, sinadarin da ke taruwa a gaɓoɓi ya jawo ciwon. Mai duwatsu a matsarmama kan ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama bayan cin maiƙo.

Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi gyaɗa guda-guda, tana iya shaƙe shi, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi zuma. Idan akwai baƙon da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai ko kifi, a gaya masa abin da ke cikin girkin.

Amai da gudawa bayan cin abinci, a fara da ruwan gishiri da suga na ORS kaɗan-kaɗan. In akwai jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya daina fitsari ya yi laushi, a tafi asibiti. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi ko ƙarancin numfashi, kada a ce ƙwannafi ne a jira gari ya waye. Bugun zuciya yakan zo da kamar ɓacin ciki, musamman ga mata, tsofaffi da masu ciwon suga, kuma a kai mutum asibiti nan take.